Ku Wanke Tankin Kafin Ku Ce wa Yara Su Sha

Duk wanda aka damƙa wa makullin makaranta, ko na masallaci, ko na gidan da aka daɗe da rufewa, ya zo ya share tsakar gida, ya kakkaɓe ƙura, sannan ya tayar da inji ya tura sabon ruwa a kan tsohon da ya yi wata da watanni kwance a tanki, ya kuma ce wa yara su zo su sha, wannan mutum ya ci amana. Babu wani suna mai laushi da ya dace da aikin nan. Kuma ana yin sa a gabanmu, daga Talatar Mafara zuwa Bakura har Maradun, ba mai ɗaga kai ya dubi tankin da ke bisa ƙarfe.

Mu a wannan yanki ba sai an koya mana yadda ake rufe wuri a gudu ba. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a ƙaramar hukumar Talatar Mafara. A watan Agustan shekarar aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya, cikin ƙasar Maradun, gwamnati kuwa ta ba da umarnin rufe makarantu, aka kwashe watanni ajujuwa na kulle. Ƙauyuka nawa ne kuma suka watse, mutanensu suka yi gudun hijira zuwa cikin gari, sai da damina ta kawo kai wasu suka lallaɓa suka koma? A yawancin wuraren nan akwai tanki, ko randa, ko duro, da ragowar ruwa a ciki. Wanda ya gudu don tsira da rai ba shi da laifi in bai tsaya zubar da ruwa ba. Da wanda ya dawo nake magana, wanda ya sami sukunin yi wa ƙofa fenti amma bai sami na hawa tsani ba.

Ka hau mana, Malam. Ɗaga murfin, in ma akwai murfin, don sau da yawa iskar bazara ta daɗe da yar da shi, an rufa bakin da guntun kwano an danne da dutse. Haska fitila ciki. Can ƙasa za ka ga laka ta kwanta, baƙa ƙirin, ƙurar hunturu ce da yashin da inji ya zuƙo daga rijiyar burtsatse. Shafa bangon da hannunka: akwai santsi kamar yauƙin kuɓewa. Wannan santsin gidan ƙwayoyin cuta ne, sun manne sun yi wa kansu rufi, kuma ɗauraya kawai ba ta fitar da su. In tankin fari ne mai barin haske ya shiga, gansakuka ta riga ta yi kore shar. Kashin tattabara na gefen baki, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a saman ruwan, kuma kada ka yi mamaki in ka tarar da ƙadangare ko ɓera ya faɗa ya kumbura. Ko da ruwan famfo ne da aka sa wa sinadarin kulorin tun farko, ƙarfin sinadarin ba ya wuce 'yan kwanaki, a zafin Mafara kuwa ya fi saurin gushewa. Sabon ruwan da ka tura a kai ba ya wanke komai. Dama lakar yake yi, ya aika da ita cikin bututu zuwa bakin yaro.

Na san amsar da ake bayarwa: "Ai ruwan garau yake, ba wari." Wasu ma har su kafa hujja da karatun da muka yi a zaure, cewa ruwa mai tsarki shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba. Wannan hukuncin alwala ne da wanka, kuma yana nan daram a muhallinsa. Malamanmu ba su taɓa cewa shi ne ma'aunin lafiyar ciki ba. Ƙwayar kwalara da ta taifod ba su da launi, ba su da wari. Haka nan masu jefa alif su ce sun gama: alif yana kwantar da dauɗa ruwa ya yi haske, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Mai dogara da idonsa kaɗai a wannan sha'ani yana caca ne da ran ɗan wani.

Kuma ba baƙuwar cuta muke tsoro ba. A 2021, shekarar da aka rufe makarantun, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Zamfara na cikin jihohin da abin ya yi wa ɓarna. Duk damina sai mun ji labarinta. Gaskiya ne kwalara ba ta tsirowa da kanta a cikin tanki. Shigowa take yi, ta guga mai datti, ta hannun da ba a wanke ba, ta rijiyar da ambaliya ta haɗa da masai. Amma tanki marar murfi, marar kulorin, mai laka a ƙasa, babu abin da zai tare ta in ta shigo, kuma mutum ɗari ke sha daga gare shi a yini guda. In yaro ya fara zawo aka garzaya da shi asibiti, sai ka ji ana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma za a tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan lamari su ne ma'aikatan jirgin ruwa, don a tsakiyar teku ba wata rijiya, abin da ke tanki shi za a sha. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafi sukutum kan tsaftar jiragen ruwa tun 1967, kuma jirgin da ya daɗe a ajiye ko ya fito daga gyara sai an wanke tankinsa da bututansa an kashe ƙwayoyin cuta kafin a sha. Bayan kullen korona na 2020 ma, hukumomin lafiya a Amurka da Turai sun gargaɗi masu otal da makarantu su kore tsohon ruwan bututu kafin su buɗe. Mu ma muna da namu masu jirgin. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978 masunta ke cin abinci a kanta, kuma rashin tsaro kan sa kwale-kwale ya daɗe a gaɓa ba a taɓa shi ba. Ranar komawa sai a ɗauko jarkar da ta kwana a rana tsawon watanni, cikinta ya yi kore, a cika a tafi. Mafi muni, wata jarkar ta maganin feshi ce ko ta fetur. Irin wannan ba ta wankuwa, Sarkin Ruwa. Roba tana shan guba. Ka hana yaranka, a huda ta a kawar da ita.

Aikin wanke tankin kansa bai kai yadda ake tsoronsa ba. A zubar da tsohon ruwan kaf, har da lakar. A goge bango da ƙasa da buroshi da omo, a ɗauraye har sai kumfa ta ƙare. Sannan a zuba ruwa mai kyau kamar kashi ɗaya cikin huɗu, a barbaɗa garin kulorin mai ƙarfi, wanda ake kira HTH. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne giram 80 ga kowace lita 1,000 ta girman tankin, wato tanki mai lita 5,000 giram 400 ke nan. A cika shi fal, a buɗe kowane famfo har sai an ji warin sinadarin sannan a rufe, don bututu ma ya samu rabonsa. A bar shi awa 24. Wannan ruwa ba na sha ba ne, a tsare yara daga gare shi, kuma kada a sake shi cikin magudanar noman rani ko tafkin kifi, don yana kashe kifi. A zubar, a sake cikawa. A sa murfi mai kullewa, a ɗaura raga a bakin bututun da ruwa ke tumbatsa ta nan. Kada mutum ya shiga babban tanki shi kaɗai ba mai tsaye a waje, kuma kada a haɗa kulorin da wani maganin wanke bayan gida, hayaƙin da ke tashi yana iya kisa.

Yini biyu ke nan, da kuɗin da bai kai na lemon da ake raba wa baƙi ranar bikin buɗewa ba. Saboda haka kada wani shugaban makaranta ya ce jiran Gusau yake ta aiko da kuɗi. Kada kwamitin masallaci, da ke iya tara kuɗin lasifika da darduma a Juma'a ɗaya, ya ce buroshi ya gagare shi. Jami'an duba-gari na ƙananan hukumomin nan uku, aikinku ne tun asali: ku riƙa hawa kuna dubawa kafin a koma kowane zangon karatu, ku rubuta ranar wanki a jikin tankin kowa ya gani.

Ku kuma iyaye, haƙƙinku ne ku tambaya. Ranar da za ka mayar da ɗanka makaranta, bayan ka gaisa da malamai, ka ce a nuna maka tankin, ka tambayi yaushe aka wanke shi. In aka kasa ba ka amsa, ka haɗa shi da gorar tafasasshen ruwa daga gida, ka kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai a makon nan, kada ka jira sai an kwantar da wani.