Ma'aunin da Ya Tona Asirin Dafin Kububuwa

Duk manomin doya ko riɗi a ƙasar Lafiya, har zuwa Doma da Awe, ya san kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ƙarama ce, amma idan ta sari mutum jininsa ya daina daskarewa, har ya riƙa fita ta dasashi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dafin nan gauraye ne na sinadarai iri-iri da masana ke kira furotin, kuma yau akwai na'urar da ke faɗin sunan kowanne.

Ga yadda aikin yake. A tatsi dafin, a rarrabe shi, sa'an nan a zuba masa wani sinadari mai suna tirifsin, wanda ke yayyanka furotin gunduwa-gunduwa, kullum a gaɓoɓi sanannu. Sai a ɗora wa gutsattsarin cajin lantarki, na'ura ta auna nauyin kowane ɗaya. To, da yake kowane furotin da irin nauyin gutsattsarinsa, sai kwamfuta ta gwada da waɗanda ke cikin kundinta, ta ce wane ne. John Fenn na Amurka da Koichi Tanaka na Japan sun sami kyautar Nobel a 2002 saboda share wannan hanya.

A 2009 masana na Liverpool a Ingila da na Valencia a Sifen suka auna dafin kububuwarmu ta haka. Suka tarar mafi yawansa furotin ne masu cin bangon jijiyoyin jini da rikita daskarewarsa.

Ina ruwan talaka da wannan? Ruwansa kuwa babba ne. Ana yin makarin dafi ne daga jinin doki ko tunkiya da aka saba wa dafin wani maciji takamaimai, kuma furotin ɗin kububuwar Indiya ba daidai yake da na tamu ba, ko da yake dangi ne. Wani rahoto na 2008 daga wani asibitin karkara a Ghana ya nuna da aka koma ga makari mai araha na Indiya, masu mutuwa suka tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin ɗari.

Saboda haka, a ganina, jami'in da ke sayo wa asibitocin Jihar Nasarawa magani bai kamata ya tsaya ga farashi ba. Ya karanta jikin kwalba, ya ga ko an rubuta Echis ocellatus, sunan kububuwarmu a wurin masana, kamar yadda yake a makarin EchiTAb da aka gwada a Kaltungo.