Fasfon Kare: Wa Ya Kamata Ya Ji Kunya?

Akwai wata hira wadda ba ta tsufa a ɗakunan kwanan ɗalibai da inuwar sakatariya, watau hirar Turawa da karnukansu. Da zarar an ce Bature ya ɗauki karensa zuwa hutu, ya yankar masa fasfo, ya kama otal mai karɓar kare, sai majalisa ta kece da dariya. Wani ya ce ƙoshi ne ya yi yawa, wani ya ce hankali ne ya ƙare, wani kuma ya ciji yatsa ya ce ashe karen Faransa ya fi ɗalibinmu daraja, tun da shi yana ƙetare iyaka da ɗan littafinsa, mu kuwa sai mun sha layin biza. Mun daɗe muna jin wannan dariya, mun kuma ga lokaci ya yi da za a tsinka ta, domin masu yin ta ba su buɗe littafin sun ga abin da ke ciki ba.

To, mene ne a ciki? Tun 2004 ƙasashen Tarayyar Turai suke amfani da fasfon dabbobin gida. Kafin kare ya same shi, sai likitan dabbobi ya dasa masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambarsa, don kada a musanya shi da wani. Bayan haka sai a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, a rubuta ranar, likita ya sa hannu ya buga hatimi, sa'an nan a jira kwana 21 kafin a tashi. Idan Ingila za a shiga, sai an ƙara ba shi maganin tsila tsakanin kwana 1 da kwana 5 kafin isowa. Ke nan littafin da muke yi wa dariya takardar shaidar lafiya ce, kuma ba don jin daɗin kare aka ƙago ta ba. An ƙago ta ne don kada yaron da zai shafa kan wannan kare a bakin teku ya mutu.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan 'yanci na yawo da kare da wahala aka saye shi. A ƙarshen ƙarni na 19 hukumar Ingila ta tilasta sa wa karnuka takunkumi a gundumomin da cutar ta ɓulla, ta kama waɗanda ba su da iyayengiji, masu karnuka suka yi ta tsine wa ministan da ya kawo dokar, amma ba a janye ba. A 1902 cutar ta ɓace daga ƙasar. A 1918 aka shigo da kare ta ɓarauniyar hanya, cutar ta sake ɓarkewa, ba a kuwa shawo kanta ba sai 1922. Saboda wannan darasi, kusan shekara 100 duk karen da ya sauka Ingila sai an killace shi wata 6 cur, ko na jakada ne ko na attajiri. Sai a watan Fabrairu na 2000 aka fara sassautawa. A babban yankin Turai kuwa, inda namun daji ke yaɗa cutar, tun 1978 Suwizalan ta fara barbaza abinci mai maganin rigakafi a cikin dazuzzuka, sauran ƙasashe suka bi sahu. Wannan aiki na shekara da shekaru shi ne ya haifi ɗan littafin nan.

Har yau kuma ba su saki jiki ba. A ƙarshen 2007 wasu matafiya suka dawo Faransa daga Maroko da kare mai ɗauke da cutar, ya harbi wasu karnuka, a 2008 ƙasar ta rasa matsayinta na wadda ta kuɓuta daga ciwon har tsawon shekara 2. A 2015 fitaccen ɗan wasan fim Johnny Depp da matarsa ta lokacin suka shiga Ostareliya da ƙananan karnuka 2 a jirgin sama na haya ba tare da bin doka ba. Ministan gona, Barnaby Joyce, ya ce ko dai a fitar da su ko a kashe su, aka kuwa fitar da su, maganar ta kai kotu. Jama'a, a wace tashar tamu za a tare mai kuɗi da suna irin wannan a kan takardar kare?

Kada a ɗauka muna wanke Turawa tas. A cikinsu akwai marasa imani waɗanda idan hutun bazara ya zo, suka ga kare zai hana su sakewa, sai su ɗaure shi a gefen babbar hanya su wuce. Ƙungiyoyin kula da dabbobi na Faransa sun daɗe suna kukan cewa dubun dubatar dabbobi ake yasarwa kowace bazara, har a 2021 majalisar ƙasar ta ɗaga hukuncin wannan laifi zuwa ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 45,000. Akwai kuma almubazzaranci: a 2024 wani kamfani a Amurka ya fara jigilar karnuka da masu su a jirage na musamman, ana biyan dubban daloli a kan tikiti guda. Wannan ya cancanci Allah wadai. Haka nan kukan biza gaskiya ne. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin bizar shiga Turai ya kai Yuro 90, kuma idan an hana ka ba a mayar maka da ko anini. Za mu ci gaba da yin wannan faɗa a fagensa. Amma laifi tudu ne, kuma wanda ya tsaya kan nasa yana hangen na wani, ƙarshenta shi ke faɗuwa.

Ga namu tudun. Karen da ya fito daga ƙasa irin tamu ba ya shiga Turai da allura kaɗai. Sai an ɗebi jininsa bayan kwana 30 da yin allurar, an auna a ɗakin binciken da suka amince da shi, sa'an nan a jira wata 3. A watan Yuli na 2021 Amurka ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100 masu haɗarin cutar, har da Nijeriya, bayan ta kama ɗaruruwan takardun rigakafi na jabu, kuma a watan Agusta na 2024 ta maye gurbin dakatarwar da sharuɗɗa masu tsanani. Mai son ya kira wannan wariya yana iya kira, amma kafin nan ya amsa mana tambaya guda: cutar nan akwai ta a garinsu ko babu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkansu ta hanyar cizon kare suke kamuwa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana zabura, sai dai a shirya likkafani. Alhali kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro da allura a birnin Faris, kuma masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, aka dage a kai, cutar takan yanke. Mekziko ba ƙasar Turai ba ce, amma ta bi wannan hanya, a 2019 Hukumar ta shaida cewa ta kawar da mutuwar mutane ta cizon kare.

Wani zai ce mu ba masu kiwon kare ba ne, ina ruwanmu? Wannan zance ne na ɗan boko wanda ya manta ƙauyensu. Maharbi yana da karen farauta, makiyayi yana da karen garke, mai gida a bayan gari yana da karen gadi, ga kuma na kan juji waɗanda ba su da mai su. Karnukanmu ma suna tafiya, har sun fi na Turai: suna bin garke daga wannan jiha zuwa waccan, suna bin ayarin farauta da rani, ana loda su a mota zuwa kasuwar Dawaki ta Jihar Filato. Wa ke tambayar takardarsu? Kuma ba rashin kayan aiki ne ya hana mu ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, tana kuwa yin allurar rigakafin karnuka. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna yaye likitocin dabbobi. Abin da ya rage shi ne niyya, da kasafin kuɗi, da ma'aikacin da ba zai sa hannu a kan allurar da bai yi ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen likitan dabbobi da na likitan mutane, su mai da ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, ranar fita unguwanni da ƙauyuka. A gaya wa kowace uwa cewa idan kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe. Ku kuma matasan ma'aikata da ke ƙananan hukumomi da ma'aikatun gona da lafiya, ku ne ke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. Ku tambaya nawa aka ware don rigakafin karnuka bana, karnuka nawa aka yi wa, kuma ko akwai allurar cizon kare a firjin babban asibitin yankinku. Duniya ta ɗiba wa kanta wa'adin 2030 don kawo ƙarshen wannan mutuwa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Bature ya tafi hutu da karensa domin kakanninsa sun biya kuɗin tafiyar da haƙuri da bin doka. Mu ba mu nemi a kai karnukanmu bakin teku ba. Abin da muke nema shi ne yaron ƙauye ya tafi makaranta ya dawo, ko da kare ya cije shi a hanya, ya rayu. Wanda ya ga wannan abin dariya ne, sai ya je ya yi dariyarsa a gaban uwar da ta binne ɗanta.