Kafin Sabuwar Ubuntu Ta Fito: Buƙatun Tahoua Da Wanda Zai Kai Su

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, bayan shekaru goma da fitowarta. Kamfanin ya bar ƙofar ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista, amma daga nan sai dai a koma Windows 11, wadda ba kowace kwamfuta take hawa ba. Tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar na'ura irin wadda aka ƙera daga wajen 2018 zuwa yau.

A Turai, ƙarshen wannan labari shi ne a je kanti a sayi sabuwa. A Tahoua abin ya sha bamban. Duk wanda ya shiga shagunan buga takardu da fotokofi da ke kusa da ofisoshin gwamnati da makarantu ya san irin na'urorin da ke kan teburansu: na hannu ne, an sauke su daga Kwatano ko Lome ko Kano, ko kuma wani ɗan ci-rani ya aiko wa ƙanensa daga Abijan, Libiya ko Faransa. A kansu ake buga takardun neman aiki, da kundin kammala karatun ɗalibai, da lissafin ƴan kasuwar albasa. Suna aiki, kuma masu su ba su da kuɗin jefar da su. Zaɓin da ya rage musu shi ne ko su ci gaba da manhajar da ba a ƙara toshe mata ɓaraka, ko su ɗora kwafin sata mai ɗauke da ƙwayoyin cuta, ko su nemi wata uwar manhaja daban.

Wannan ta ukun akwai ta, kuma kyauta ce. Ubuntu ɗaya ce daga cikin manhajojin da aka gina kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara yana ɗalibi a Finland a 1991. Attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ne ya kafa kamfanin Canonical, wanda ya fitar da ita karon farko a Oktoban 2004. A buɗe take: kowa na da damar duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ake fitar da samfurin dogon zango da ake kula da tsaronsa shekara biyar kyauta, kuma an tsara fitar da wani a Afrilun 2026. Masu amfani da ita a ƙasashen da wuta da intanet suka wadata sun riga sun jera abubuwan da suke so a ƙara mata. Ya dace a ji na Tahoua da Adar, domin ba iri ɗaya ba ne.

Matsalar farko ita ce nauyi. Har zuwa 2012 Ubuntu tana shiga faifan CD guda, mega 700, kuma har 2011 Canonical na aika faifan kyauta ta gidan waya zuwa ƙasashen duniya. Samfurin 2024 ya kai kusan giga 6. Matashin da ke sayen mega na yini ko na mako a Airtel, Moov ko Zamani, yana jona kwamfutarsa da salula, kafin ya gama sauke ta ya kashe kuɗin cefanen kwanaki. Bayan an ɗora ta ma ba a huta ba, don wasu manhajojinta, har da Firefox, suna zuwa ne ta tsarin Snap, wanda ke leƙa intanet sau huɗu a rana yana neman sabuntawa, ya sauke da kansa. Akwai hanyar dakatar da shi, amma sai an buɗe baƙin allo an rubuta umarni da Turancin Ingilishi. Abin da ake buƙata bai kai ya kawo ba: tun wurin ɗora manhajar, a tambayi mutum ko intanet ɗinsa na awo ne. In ya ce e, kada a sauke komai sai gyaran tsaro, shi ma sai an faɗa masa megan da zai ci.

Haka kuma ya kamata a sauƙaƙa sabuntawa ba tare da intanet ba. Mutum ɗaya ya sauke a Tahoua, ya zuba a kile, wato ɗan ma'ajin da ake kira filash a Nijeriya, ya hau mota zuwa Kaita ko Tabalak ko Abalak ya sabunta na'urori ashirin na wata makaranta, har da manhajojin da ke sa firinta ta yi aiki. Kayan yin haka suna nan, kamar apt-offline, sai dai an yi su ne don ƙwararru. Masu sa-kai na Emmabuntüs a Faransa, waɗanda tun 2011 suke farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, har suna kai su makarantu a arewacin Togo, sun nuna cewa ana iya haɗa manhajar da za a ɗora ta cikakkiya ba tare da layi ba.

Game da tsofaffin na'urori, dole a faɗi gaskiya: ba za a ɗauki kowace ba har abada. Ubuntu ta daina fitar da faifan kwamfutoci masu bit 32 tun 2017, Debian ma, wadda aka gina Ubuntu a kanta, ta bi sahu a samfurinta na 13 da ya fito a Agustan 2025. Amma akwai abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Xubuntu da Lubuntu, ƴan uwan Ubuntu marasa nauyi waɗanda su ne suka dace da na'ura mai ƙaramin ƙarfi, shekara uku kawai masu haɗa su ke yin alƙawarin kula da su, ita kuwa babbar biyar. Wato wanda ya fi ƙarancin hali shi ne zai fi saurin komawa wurin mai gyara.

Sai wuta. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse lantarkin da take sayar wa Nijar, wanda ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ba sai a Maris ɗin 2024. Ko ba takunkumi, kowa ya san yadda wuta ke yi a watannin bazara, ga kuma batirin kwamfutar hannu da ta tsufa, wanda sau da yawa ya riga ya mutu. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, Ubuntu kan bar mutum da saƙon Turanci mai cewa ya rubuta wani umarni da hannunsa kafin ya ci gaba. Ya kamata ta iya komawa inda ta tsaya da kanta, ko ta koma yadda take kafin a fara.

Amma babbar maganar ita ce ta harshe. Kundin sake gina ƙasa da aka sanya wa hannu a Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Harshen ƙasa kuwa sai an iya buga shi a takarda. Tun 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, kuma a cikinta akwai haruffa huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wannan na ƙarshe a nan ne Nijar ta bambanta da Nijeriya, inda aka saba rubuta shi da 'y. Barin ƙugiyar ba ƙaramin kuskure ba ne. Ita ce ke raba ƙasa da kasa, fada da faɗa, baki da baƙi. Sakatariyar da ta buga wa mai gari takardar gayyata ta sa ƙugiya inda ba ta, ta kira mutane faɗa ke nan maimakon fada.

Wanda ya buɗe jerin madannai a Linux zai ga Hausa sau biyu, ta Nijeriya da ta Gana, dukansu kan tsarin QWERTY na Ingilishi. Ofisoshi da makarantun Nijar kuwa a kan AZERTY na Faransanci suka koyi bugu. Akwai hanyoyin zagaye, misali a danne Ctrl da Shift da U, a rubuta 199, sannan ƙ ta fito. Babu mai buga shafi goma da haka. Kamaru da Togo da Mali duk suna da madannai na AZERTY masu ɗauke da haruffan harsunansu a cikin wannan jeri, domin masu aiki kan harsunan sun zauna sun tsara, sun aika, an karɓa.

Akwai wani giɓin da ya fi wannan ɓoyuwa. Kundin glibc, wanda yawancin manhajojin Linux ke dogaro da shi wajen sanin kuɗin ƙasa da yadda ake rubuta kwanan wata, ya san Hausar Nijeriya kaɗai. Ɗan kasuwar Tahoua da ya zaɓi Hausa, kwamfuta za ta ɗauka da naira yake ciniki. Abin takaicin shi ne bayanan Hausar Nijar, da sefa a matsayin kuɗinta, suna nan a rumbun ƙungiyar Unicode. Ɗauko su a tsara a miƙa ne ya rage.

Kuma duk madannan da za a yi wa Nijar, kada su tsaya kan Hausa. Ɗaga Hausa sama da sauran harsuna ya jawo ƙorafi a ƙasar, kuma jihar Tahoua ta fi kowa sanin dalili. Daga Tabalak zuwa Abalak da Cintabaraden, Tamajak ake ji a kasuwa tare da Hausa da Fulatanci da Larabci. Madannai guda na iya ɗaukar ǝ da ɣ da ḍ na Tamajak, ŋ da ɲ na Zabarmanci da Fulatanci, a ƙara da Tifinag, wanda ya shiga Unicode tun 2005. Malaman zaure masu ajami su ma suna da rabo, tun da akwai salon rubutu na kyauta irin su Alkalami da Harmattan da aka yi don ajamin Afirka ta Yamma, sai dai mutum ya nemo su da kansa ya ɗora. Idan kuma za a haɗa ƙamus mai duba kuskuren rubutu, a yi shi da sanin cewa Ba'adaren da ya rubuta biyat ko tahiya a wasiƙarsa zuwa gida harshen uwarsa ya rubuta.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, tun da matasa a salula suke rayuwa. Gaskiya ne, kuma Android ɗin da ke aljihunsu ma kan Linux aka gina shi. Amma ba a buga kundin digiri ko takardar kwangila a salula. Wani kuma zai ce mutane sun saba da Word da Excel, ba za su koma LibreOffice ba. Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, domin takardar da aka tsara a ɗaya takan ɗan karkace idan aka buɗe ta a ɗayar, mai shago kuma ba ya son abokin ciniki ya dawo da faɗa. Horo da haƙuri ne maganinsa. Jandarmomin Faransa sun shafe shekaru suna mayar da dubban kwamfutocinsu kan wani samfurin Ubuntu da suka gyara wa kansu, don rage kashe kuɗi da dogaro da kamfani guda. Ƙasar da kullum ake maganar ƴancin kai a cikinta ba ta da hujjar barin wannan fage.

Saura tambayar wanda zai kai buƙatun. Rage nauyi, da maganar Snap, da jure ɗaukewar wuta, aikin Canonical ne, kuma yana da shafukan karɓar rahoto da shawara da ke buɗe ga kowa. Amma madannai da bayanan ƙasa da fassara, babu injiniyan Landan da zai yi wa Adar su, don bai san akwai ƴ ba. An taɓa gwadawa a maƙwabta: a tsakiyar shekarun 2000 wani kamfanin Nijeriya ya fitar da Wazobia Linux da Hausa, Yarabanci da Ibo. Sai dai GNOME, fuskar da mai Ubuntu ke gani, tana sabuwa duk wata shida, fassarar da ba a bibiya kuwa tsufa take yi. Microsoft, da ake zargi da rufe ƙofa, ya daɗe da fitar da Windows da Hausa.

Don haka aikin na bukatar gida, ba mutum ɗaya mai zuciya ba. Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, wadda ke ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, za ta iya mayar da tsara madannai da bayanan Hausar Nijar aikin kammala karatun ɗalibai biyu ko uku, ta kuma ajiye kwafin manhajojin a na'urarta domin masu gyara su zo da kile su ɗiba. Cibiyar INDRAP a Yamai, da ta daɗe tana shirya littattafan karatu a harsunan ƙasa, da masana harshe na Jami'ar Abdou Moumouni, su ne za su daidaita kalmomin, don kada kowane mai fassara ya ƙirƙiro tasa. Hukumar da ke kula da zamanantar da ayyukan gwamnati za ta iya ɗaukar nauyin abin da bai kai kuɗin taron bita guda ba.

Su kuma ƴan Adar da ke waje, masu intanet mara awo a Faransa, Beljiyam ko Kanada, fassarar Ubuntu a dandalin Launchpad ake yin ta, jimla bayan jimla, kuma rajista kyauta ce. Mai niyyar aiko da kwamfuta gida zai iya ɗora mata Xubuntu da kwafin Wikipedia ta Hausa da Faransanci ta manhajar Kiwix, wadda ke aiki ba tare da layi ba, kafin ya sa ta a jaka.

A bisa al'ada, Ubuntu na rufe karɓar sababbin abubuwa na samfurin Afrilu a cikin watan Fabrairu, madannai da bayanan ƙasa kuma sai sun fara shiga kundayen asali kafin su gangaro gare ta. Abin da bai isa ba kafin lokacin, mai yiwuwa sai samfurin dogon zango na Afrilun 2028.