Sharhi: Kuɗin waje na ƙafewa, saura na cikin kwandon Lahadi

Duk ranar Lahadi da safe, a cocin Katolika na Maraɗi, da na Damagaram, da na Tawa, akwai lokacin da ake zagayawa da kwando a tsakiyar sujada. Mai dala ashirin ya jefa, mai dala ɗari ya jefa, wanda Allah ya buɗa wa a makon ya saka jika guda. Baiko suke ce masa. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa ganin kwandon ba, don Kiristoci gaba ɗayansu ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, ƴan Katolika kuma wani ɓangare ne kawai daga cikinsu. Amma da wuya ka sami unguwa a garuruwan nan da babu wanda ya yi karatu a makarantar misiyon, ko matar da ta taɓa kai ɗanta ɗakin shan magani na masu zuhudu, waɗanda muke kira masoro ko sista gwargwadon bakin kowa. Akasarin masu cin moriyar waɗannan wurare Musulmi ne, kuma kowa ya san haka.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar yau shi ne, kuɗin da ke riƙe da yawancin ayyukan nan ba daga kwandon suke fitowa ba. Daga waje suke zuwa, wajen kuwa ƙofofinsa na rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, manyan masu ba da agaji na Turai sun dakatar da wani kaso na tallafinsu, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumin da sai a Fabrairun 2024 ta janye shi. A Nuwamban 2024 hukumomi sun karɓe lasisin ƙungiyar Acted, a Fabrairun 2025 suka umarci CICR ta tattara kayanta. Can Amurka kuma, tun Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta tsayar da kuɗin agajin ƙetare, daga baya ta rusa hukumar USAID, wadda ƙungiyar agaji ta ƴan Katolikan Amurka, CRS, ke cikin manyan masu karɓar kuɗi daga hannunta. Ga cocin Turai kansu, masu zuwa sujada na raguwa, masu aiko da taimako na tsufa. Buƙata kuwa ba ta ragu ba. Ambaliyar daminar 2024 ta kashe mutum fiye da 300 a ƙasar nan, ta shafi sama da miliyan ɗaya, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, a Damagaram har tsohon masallacin Birni sai da ya rushe.

Yankin da bishop ɗin Maraɗi ke kula da shi, wanda aka kafa a 2001 aka ɗora Ambroise Ouédraogo a kansa a matsayin na farko, ya haɗa jahohi biyar: Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Ƙasa ce mai faɗin gaske, mabiya ƴan ƙalilan. Da yawansu ma baƙi ne daga Benin, Togo, Burkina Faso, Gana da kudancin Najeriya: magina, teloli, makanikai, malaman makaranta, masu shagon kayan gyaran mota, ɗalibai. Ba masu kuɗi ba ne. Idan wani ya ce kwandonsu zai maye gurbin miliyoyin da ƙungiyar CADEV, wato reshen Caritas na Nijar, ke samu daga abokan hulɗarta na waje don haƙa rijiyoyi da ciyar da yara masu tamowa, to ya yi wa mutane ƙarya. Ba zai maye ba.

To amma akwai abin da kwandon ke yi wanda babban shirin agaji ba ya yi, kuma shi ne ya fi jan hankalinmu.

Mu dubi yadda abin ke tafiya. Ban da baikon mako, akwai wani kaso da ake son kowane baligi mai abin hannu ya bayar sau ɗaya a shekara don ɗawainiyar coci da limamanta. Akwai baiko na musamman da ba ya tsayawa a gida, kamar na watan Oktoba da ake tarawa a duk cocin Katolika na duniya don tallafa wa yankuna marasa ƙarfi, irin su Nijar ɗin kanta. Akwai azumin kwana 40 kafin bikin Ista, inda ake koya wa mabiya cewa abin da ka hana wa cikinka ba naka ba ne, na mabukaci ne, sai a tara shi, kuɗi ko hatsi ko sutura ko sabulu, a kai gidan kaso, ko asibiti, ko gidajen gwauraye da marayu. Sai kuma kermes, bikin tara kuɗi da ake yi a harabar coci ko ta makaranta: mata su yi girki su sayar, matasa su shirya wasanni, a yi gwanjon kaya, a sayar da tikitin caca mai kyauta. Duk wanda ya yi makarantar misiyon ya san ranar, ya kuma san cewa rabin masu sayen tikitin iyayen yara Musulmi ne.

A ƙarƙashin wannan duka akwai ƙananan rukunoni na unguwa-unguwa, gidaje kaɗan da ke haɗuwa a gidan ɗayansu su yi addu'a su tattauna. Su ne idon coci. Su ke sanin wanda aka kora daga gidan haya, da wadda mijinta ya tafi Libiya shekara biyu babu labari, da ɗalibin da kuɗin jarrabawa ya gagara. Ma'aikacin agaji mai mota da takardar tambayoyi sai ya yi wata yana bincike kafin ya gano abin da waɗannan matan suka sani tun jiya da dare.

Akwai kuma doka, kuma a nan ne muke son mai karatu ya tsaya. Kundin dokokin cocin Katolika na 1983, a sashe na 537, ya wajabta wa kowace majami'a ta kafa kwamitin kula da dukiya, wanda mabiya ke ciki, don kada limami ya zama shi kaɗai ke riƙe da mabuɗin akwati. Sashe na 1267 ya ce abin da aka bayar don wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata. Sashe na 1287 kuma ya ɗora wa masu riƙon dukiya nauyin yi wa mabiya bayanin inda kyautarsu ta shiga. Shi ya sa a coci da dama, kafin a sallami jama'a, ake karanta adadin baikon makon jiya a bainar kowa, ko a liƙa shi a allon sanarwa.

Ba mu ce ko'ina ake bin dokar sau da ƙafa ba. Coci ma mutane ne ke cikinta. Akwai inda kwamitin suna ne kawai, mambobinsa na jin nauyin tambayar limami, musamman idan shi ne ya samo kuɗin daga abokansa na Italiya ko Faransa. Wannan ma na cikin illar dogaro da waje: wanda bai saka ba, ba ya iya tambaya. Shekara da shekaru an saba wa mabiya cewa farar fata zai gina, farar fata zai gyara, har wasu suka ɗauki coci wurin karɓa, ba wurin bayarwa ba. Ranar da aka ce musu rufin makaranta na wuyansu, ranar ce kuma suka sami bakin cewa a nuna musu rasit. Idan ƙafewar kuɗin waje na da wani alheri, to wannan ne, kuma shugabannin coci su karɓe shi hannu biyu, kada su ɗauki mai tambaya a matsayin mara ladabi.

Mu da muke masallatai, mu tambayi kanmu. Ba mu rasa bayarwa ba, Allah ya sani. Zakka rukuni ce a addininmu, sadaka na cikin jininmu, ranar Juma'a akwati na zagayawa sahu-sahu, a watan Ramadan attajiran Maraɗi na raba hatsi da sukari tirela-tirela. Abin da muke tarawa ya ninka abin da cocin garin ke tarawa. Amma masallatai nawa ne ke karanta lissafin akwatin Juma'a? Gidauniyoyi nawa aka kafa a WhatsApp don mara lafiya, ko don gyaran maƙabarta, aka tura kuɗi daga Abidjan da Akra da Tamanrasset, daga nan shiru kake ji? Matashin da ke aikin gini a Aljeriya, wanda ya tsame daga guminsa ya turo, bai daina turowa don rowa ba. Ya daina ne ranar da ya tambaya aka ce masa ai don Allah ya bayar. Don Allah ne, gaskiya ne. Amma hannun mutum ne ya karɓa.

Kuma ba sai mun je nesa ba don mu ga cewa ana iyawa. A nan jahar Maraɗi ne, a 1991, aka fara tsarin Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE: mata su zauna duk mako, kowa ta zuba ɗan abin da aka yanke, a ƙirga a gaban kowa, akwati na da mabuɗai a hannun mutum daban-daban. Yau tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Sirrinsa da na kwandon Lahadi ɗaya ne: kaɗan-kaɗan, kan lokaci, a idon jama'a.

Sai maganar da ake yi a fada da majalisar shayi, ba a cika rubuta ta ba: wai taimakon coci tarko ne na raba mutane da addininsu. Ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Coci ba ta ɓoye cewa addininta ne ke sa ta yin aikin, kamar yadda Musulmi ba ya ɓoye cewa lada yake nema. Abin dubawa shi ne ko ana gindaya sharaɗi. ƴan Katolika sun kafa misiyon a Yamai tun 1931, makarantunsu sun yaye dubban ƴaƴan Musulmi, cikinsu har da manyan ma'aikatan gwamnati da likitoci da hafsoshin soja, sun fito da sallarsu da azuminsu. Bayan kusan ƙarni guda, ƙasar nan har yanzu kashi 99 cikin 100 Musulmi ce. Idan tarko ne, to bai kama komai ba. Duk da haka, ranar da wani ya zo da shaidar an ce masa sai ya shiga coci za a ba shi buhu ko magani, wannan shafi zai buga labarin, kuma ba za mu sassauta ba.

Abin da ba za mu manta ba shi ne inda irin wannan zargi ya taɓa kai mu. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari kuma a Yamai, fushin da zanen jaridar Charlie Hebdo ya tayar ya sauka a kan maƙwabtan da ba su zana komai ba, ba su ma taɓa ganin jaridar ba. Mutum 10 suka mutu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga coci 45 da aka ƙona. A Damagaram an cinna wa cocin Katolika da makarantarta wuta, Kiristoci ɗaruruwa suka fake a barikin soja, wasu suka bar garin ba su sake dawowa ba. Azuzuwan da aka ƙona, ƴaƴan wa ke zaune a cikinsu? Da yawa daga cikin masu karanta mu yau suna da shekara goma sha a lokacin, wasu na kan titi a ranar. Gaskiya ne kuma cewa akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu, suka tsaya a bakin ƙofa. Kowane mabiyi da ya tafi a waccan shekara, hannu ɗaya ne ya ragu a kwando, kuma kuɗin da ya kamata ya sayi magani sai ya tafi wajen sake gini da ɗaga katanga. A yammacin ƙasa matsalar ta fi haka muni: an sace limami Pierluigi Maccalli a Bomoanga a Satumban 2018, sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali, kuma rashin tsaro ya tilasta wa mutanen ƙauyuka da dama na wajen Makalondi barin gidajensu, Kirista da Musulmi.

Ga hukumomi, maganarmu gajera ce. Tun da aka kafa asusun FSSP a 2023, kullum ana kiran ƴan ƙasa su dogara da kansu. To ga wasu nan da dole ta sa suke koyon hakan. Neman ƙungiyoyi su bayyana inda kuɗinsu ke fitowa da inda suke zuwa daidai ne, muna goyon baya, a yi wa coci, a yi wa ƙungiyoyin Musulunci, a yi wa asusun gwamnati ma. Amma kada a auna ƙaramin kwamitin agaji na unguwa, mai raba tiya biyar-biyar ga gwauraye, da mudun da ake auna babbar ƙungiyar ƙetare. Takardu da yawa za su kashe ƙarami, babba kuwa yana da akawu da lauya.

Ga matasa ƴan Katolika da ke zaune a Kwatano, Lome, Wagadugu ko Faransa, waɗanda aka yi wa baftisma a Maraɗi ko Damagaram: lissafi ne mai sauƙi. Mutum 50, kowa jika biyu a wata, jika 100 kenan, a shekara miliyan 1 da jika 200. Ba zai gina asibiti ba, amma zai biya wa yara da dama kuɗin makaranta, ya cika kabad ɗin magani kafin zazzaɓin damina. Tsofaffin ɗaliban misiyon Musulmi, waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba, babu abin da ya hana su kafa nasu asusun don makarantar da ta koya musu karatu. Sharaɗi ɗaya za su sa kafin su tura ko dala: a faɗa musu sunan mutum biyu da ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi, kuma duk wata uku a turo musu hoton shafin littafin lissafi a cikin rukuninsu na WhatsApp.

Mu ma a namu ɓangaren, duk cocin da ya yi kermes, da duk kwamitin masallacin da ya buɗe gidauniya, idan suka aiko mana da abin da aka tara da abin da aka kashe, za mu buga shi kyauta a wannan shafi, gefe da gefe.