Ba wanke waya ba ne maganin imel ɗin da ya ƙi goguwa

A Damana, hedkwatar Tondikandiya a yankin Filinge, malamin makarantar da saƙonnin imel suka ƙi goguwa a wayarsa yakan garzaya wurin mai gyara. Wani mai gyaran sai ya wanke wayar baki ɗaya, hotuna da lambobi su bi ruwa. Wannan ɓarna ce, domin yawanci wayar lafiyarta ƙalau.

A manhajar Gmail, jan saƙo gefe da yatsa adana shi yake yi, sai an sauya saiti kafin ya zama gogewa. Wanda aka goge ma yakan yi kwana 30 a kwandon shara, yana cin wuri cikin giga 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta. Tun 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga wannan lissafi. Ga kuma raunin rezo a ƙauyukan yankin: idan umarnin gogewa bai isa ba, saƙon na nan daram.

Ya kamata masu gyaran Filinge su fara duba saiti, su kwashe kwandon a inda rezo ke da ƙarfi, su nuna wa mai wayar yadda zai yi da kansa.