Ramin Da Aka Ƙona Da Walda Ba Ya Ɗaukar Nauyin Kaka

Maganarmu ta yau a bakin rumfar mai walda take, kuma a kan rami ce, ramin da ake hudawa a jikin ƙarfe don a zura bol a ɗaure da noti.

Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan rumfa ya ga yadda ake yi. An kawo haro ko tirelar tarakta ana son rami a ƙarfe mai kauri, injin huda na hannu kuma ba zai iya ba. Sai oga ya ƙara wa injin walda wuta, ya kafa sandar walda a wuri ɗaya har ƙarfen ya narke ya zube. Nan take rami ya samu, mai kaya ya biya ya tafi yana murna.

Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za a daina wannan a duk inda kayan noma ke ɗaukar nauyi ko ake jan su. A ƙofar gida ko rumfar kwano babu laifi. Amma a wuyan tirela, ko inda haro da rija ke haɗuwa da tarakta, ramin da aka ƙona bashi ne, kuma a tsakiyar aiki ake biyansa.

Dalili a fili yake. Ramin wuta ba ya fita da'ira sosai, bakinsa gantsare-gantsare ne, ga kashin walda a gefe. Bol ɗin da aka zura ba ya zama daram, wuri biyu ko uku kawai yake taɓawa, wasa kuma ba ta kwanciya. Da tarakta ta shiga gona ta fara jijjiga, sai bol ya riƙa cin waɗannan wuraren, ramin ya yi ta faɗaɗa. Ga shi zafin wutar ya riga ya canza ƙarfen da ke kewaye, a wani ƙarfen ma yana sa shi tauri mai saurin tsagewa. Daga ɗan tsagin da ido ba ya gani ake fara karyewa.

Mun ga haka da idonmu lokacin da makaranta ta tura mu sanin makamar aiki a wani gareji. An dawo da wata tirela ana tsakiyar girbin shinkafa, wuyanta ya yage daidai kan ramuka huɗun da aka ƙona da walda. Allah Ya kiyaye babu wanda ya ji rauni, amma buhuna sun kwana biyu a gona, an biya leburori, an biya mai gadi, kuɗin hayar tarakta kuma yana tafiya. Abin da manomin ya yi asara ya ninka kuɗin huda ramukan nan huɗu sau da yawa. Araha ba ta ado.

Akwai injin da aka ƙera don wannan aiki, wato injin huda mai mayen ƙarfe. Gindinsa maganaɗisu ne mai aiki da lantarki. Za ka ɗora shi a kan ƙarfen, ka kunna, ya manne, sannan ka kunna motarsa ka sauke baki a hankali da hannu. Amfaninsa ga aikin gona shi ne inji ne ke zuwa wurin ƙarfe. Ba sai an kwance gangar jikin tirela an ɗora ta a kan teburin huda ba. Ƙaraminsa bai wuce nauyin kilo 10 zuwa 12 ba, mutum ɗaya zai ɗauka a bayan babur.

Sirrinsa na biyu yana bakinsa. Bakin huda da muka saba da shi murɗaɗɗe ne, sai ya niƙe duk ƙarfen da ke cikin ramin kafin ya fita. Shi kuwa wannan injin yana aiki da baki mai rami a ciki, haƙoransa a kewaye kamar zobe. Gefen da'irar kawai yake yankawa, tsakiyar ta faɗo dunƙule kamar kwabo mai kauri. Tun da ƙarfen da yake ci kaɗan ne, ƙaramar mota ta ishe shi, kuma ba sai an fara da ƙaramin rami ana ƙara girma ba.

Za a ce mana injin da tsada, bakunan ma da tsada, mai walda kuma da ƙyar yake haɗa kuɗin fetur. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Za a kuma ce shekara nawa ana ƙona rami ana noma. Wannan ma gaskiya ne, sai dai asarar ba a rumfar mai walda take faɗuwa ba, a gonar wani take faɗuwa, shi ya sa ba a lissafa ta. Masu sana'ar ƙarfe a wurare irin su Panteka ta Kaduna suna ƙera injin casa da injin niƙa da kayan gyaran tarakta da ake kaiwa garuruwa masu nisa. Hannun da ya iya wannan ya cancanci kayan aikin da zai fitar da rami mai kyau.

Amma kada a ruga kasuwa tukuna. Wannan inji yana da sharuɗɗa, wanda bai san su ba zai ƙona kuɗinsa, ko ya ji wa kansa ciwo.

Sharaɗi na farko ya shafe mu fiye da waɗanda suka ƙera shi. Maganaɗisun da wuta yake riƙewa. Idan aka ɗauke wuta, ko janareta ya shaƙe, nan take zai saki. Idan a kwance yake a kan faranti, da sauƙi. Idan kuwa a jikin bangon tirela yake ko a ƙarƙashinta, kilo goma sha ne zai faɗo, wataƙila a ƙafar yaron shago. Don haka igiya ko sarƙar da ake haɗo shi da ita dole ce a kowane rami, ba sai ranar da aka tuna ba. Wajen saye kuma a gwada abu biyu: motar kada ta tashi sai maganaɗisu ya kama, kuma idan wuta ta ɗauke ta dawo kada ta tashi da kanta. Motar ƙaramin injin tana cin wat 1,000 ko fiye, saboda haka ɗan janaretan nan na kunna fanka da talabijin ba zai riƙe shi ba.

Na biyu, maganaɗisu yana son ƙarfe mai kauri, shimfiɗaɗɗe, mai tsabta. Idan kaurin ya gaza kamar milimita 10, riƙonsa yana raguwa sosai, sai an sa wani faranti mai kauri a ƙarƙashi an matse. Tsatsa da fenti mai kauri da busasshen taɓon gona da ɓurɓushin ƙarfe duk suna shiga tsakani su rage kamu, don haka a goge wurin da giranda kafin a ɗora. A kan alminiyum ba ya kamawa ko kaɗan, haka yawancin ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa. Kuma kada a yi walda a jikin ƙarfen da injin ke manne, wutar tana iya lalata shi.

Na uku, zaɓen baki. Iri biyu ne a kasuwa. Mai tambarin HSS ya fi sauƙin kuɗi, ana iya wasa shi idan ya dakushe, kuma ya isa ga ƙarfen gini na yau da kullum da ake haɗa tirela da gangar haro da shi. Mai tambarin TCT yana da haƙora masu tsananin tauri, ya fi jure ƙarfe mai ƙarfi, amma haƙoran suna ɓantarewa idan inji yana rawa. Faifan haro da sifirin mota ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, wanda ya kai musu bakin HSS ya yi bankwana da shi. A duba gindin bakin ma. Wanda ya fi yawa shi ne samfurin Weldon mai kaurin milimita 19, mai gefe biyu a shafe. Injin da ke karɓar wannan ba zai rasa baki a kasuwa ba. Zurfin yanka kuwa yawanci milimita 25 ne ko 50, gajeren ya fi ƙarfi, kuma ya ishi yawancin aikin gona.

Ba sai an sayi akwati guda na bakuna ba. A zauna a lissafa ramukan da ake yawan buƙata. Bol mai milimita 16 ramin 18 ake masa, mai 20 kuma ramin 22. Fil ɗin da ke haɗa kayan aiki da hannayen ƙasa na tarakta matsakaiciya, irin Massey Ferguson 375, kaurinsa wajen milimita 28 ne. Kenan inji mai iya huda har milimita 35, da bakuna uku ko huɗu, ya rufe yawancin abin da manomi zai kawo.

Na huɗu, hannu. A tsakiyar kowane baki akwai siririn tsinke. Shi ke nuna tsakiyar rami, shi ke buɗe wa ruwan sanyaya hanya, shi ke turo kwabon ƙarfen waje idan an gama. Kada a yi aiki babu shi. Kada kuma a yanka a bushe, ruwan sanyaya shi ne ran bakin, idan kuma a kife ake aiki sai a shafa man yanka mai kauri don kada ruwa ya gangara cikin mota. Baki mai faɗi gudu kaɗan yake so: mai milimita 18 yana jin daɗin juyi wajen 450 a minti, mai 35 kuwa kusan rabin haka. A fara a hankali har haƙora su kama, sannan a riƙa dannawa daidai ba tare da ɗagawa da saukewa ba. Idan faranti biyu ne a haɗe, a tsaya bayan na farko a cire kwabonsa, in ba haka ba bakin zai fashe. Kwabon yana fitowa da zafi da ƙarfi, kada kowa ya tsaya a ƙasansa. A sa tabarau, a naɗe hannun riga, a cire ɓurɓushi da buroshi bayan an kashe mota, domin kaifinsa kamar reza ne.

Saura maganar kuɗi. Ba kowane mai walda ne ke buƙatar nasa ba, domin ba kullum ake huda irin wannan ramin ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu walda biyar ko shida a layi ɗaya za su iya yin adashi su sayi guda, ko ƙungiyar manoman da ke da tarakta ta saya ta ajiye. A ɗora shi a hannun mutum ɗaya da ya koyi aikinsa, shi zai riƙa zuwa da shi, a biya kuɗi a kan kowane rami, a ware wani kaso na sayen baki. Injin da kowa ke ara ba mai shi, ba ya kai wata uku da lafiya.

Manomi ma yana da nasa. Idan ka kai gyaran wuyan tirela ko maƙalar haro, ka tambaya da me za a huda. Ka yarda ka ƙara ɗan abu a kan ramin inji. Muddin masu kaya ba sa tambaya, babu mai walda da zai ɗauki kuɗinsa ya sayi injin.

Gyaran kayan gona da rani ake yi, lokacin da tarakta ke hutawa. Kafin ruwa ya sauka, wanda ke da tirela ya leƙa ƙarƙashinta, ya kwance bol ɗaya ya dubi ramin. Idan ya ga ya fara tsawo kamar ƙwai, ya san abin da ke jiransa da kaka.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.