Barnawa Ba Zagi Ba Ce

Jama'ar Kakuri, Makera, Narayi, Sabon Tasha da Gonin Gora, ku ba ni aron kunnuwanku!

Ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, amma hasken waya na kan fuskar ɗanku. Kun ce shiririta yake yi a TikTok. Wani lokaci gaskiyarku ne. Wani lokacin kuwa ChatGPT yake rubuta wa abin da ya kasa faɗa muku: barci ya ƙaurace masa, gabansa na faɗuwa ba dalili, duniya ta ishe shi. Ƙanwarsa tana can wani zauren WhatsApp tana kuka a rubuce, baƙi na lallashinta.

Me ya kai su ga waya? Waya ba ta ce musu "rashin godiyar Allah ne". Ba ta kai zance gidan maƙwabta. Yaran nan sun tashi sun tarar da masaƙun Kakuri a rufe, sun yi karatu aiki ya gagara, in suka yi ƙorafi mu ce ragwanci ne.

To amma waya ba ta ganin rama a fuska, ba ta kwana kusa da wanda ke tunanin halaka kansa. A cikin waya kowa likita ne, har mai tallar jiƙo. Wani ma daga neman maganin rashin barci ya faɗa hannun tramadol.

Abin takaicin, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana nan Barnawa, kuɗin keke kawai. Mu da bakinmu muka mai da shi abin ba'a: da mutum ya yi wani abu sai a ce "a kai shi Barnawa", a kwashe da dariya. Wane saurayi zai shiga ƙofar da muka liƙa wa wannan suna? Ita kanta gwamnati ta sauya harshe: a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958.

Iyaye, kada ku ƙwace wayar. Ku zauna, ku tambaya, ku yi shiru ku ji. Malamai da fastoci, ku yi addu'a, sannan ku ce a ga likita; ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini.

Ku kuma samari da 'yan mata, datar da kuke ƙonawa ku sa ta kai ku ga mutum. Ku nemi ƙungiyar She Writes Woman ta Hauwa Ojeifo, ko ƙungiyar MANI, masu sauraro ne. In abokinka ya sa a status cewa ya gaji da rayuwa, kada ka tura masa hoton dariya. Kira shi. In bai ɗauka ba, sa takalminka ka je gidansu, washegari da safe ka raka shi Barnawa.